MASALLACIN UNGUWA: DAGA WANGARAWAN KANO ZUWA ƘASAR KAZAURE

'Yan uwa masu karatu, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ku yi mini afuwa. Wani abu ne ya faru a unguwarmu da ya hana ni sakat, har ya sa na ajiye alƙalamin ƙagaggen labari na koma bin littattafan tarihi da zaurukan dattawa, ina neman sanin yadda aka kafa masallacin unguwa tun farko, da irin aikin da aka ɗora masa.

Ga abin da ya faru. A daminar bara na je gida Kazaure gaida mahaifiyata, sai na tarar ana ta zancen wani dattijo maƙwabcinmu, wanda tun muna yara muka san shi yana tufkar igiya a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna Kano da Legas wajen neman abinci, matan kuma suna ɗakunan mazajensu. Zazzaɓi ya kayar da bawan Allahn nan, ya kwana uku a ɗaki ko ruwan sha ba ya iya tashi ya ɗiba, kuma ba wanda ya sani, sai da wani almajiri ya shiga bara ya jiyo nishinsa. Allah ya sa da sauran shan ruwa, aka kai shi asibiti ya samu sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan ba ya fashin jam'i, kuma a layin nan namu masallatai huɗu ne, daga wannan kana jin tarin wanda ke cikin wancan. Da na tambayi mutanen masallacin farko sai suka ce sun ɗauka a na biyu yake salla kwana biyun nan, na biyun kuma suka ce sun zaci ya koma na uku. Alhali lokacin da muke yara masallaci ɗaya ne a wannan layi, kuma idan magidanci ya rasa Asuba biyu a jere, kafin hantsi ladan ya yi sallama a ƙofar gidansa.

Idan muna son gane asalin wannan tsari sai mun fara komawa Kano, domin kuwa a zamanin da za mu yi magana a kai babu masarautar Kazaure tukuna. Ƙasar da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suke a yau tana tsakanin Kano da Katsina da Daura ne, kuma daga waɗannan birane abubuwa da yawa suka gangaro mana.

Akwai wani tsohon littafi da aka rubuta da Larabci, wanda aka fi sani da Kundin Tarihin Kano. Ya jero sarakunan Kano tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, kuma wani Bature mai suna Palmer ya buga fassararsa da Ingilishi a 1908. Kundin ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji ɗan Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, wasu malamai Wangarawa kimanin su 40 suka iso Kano daga ƙasar Mali, shugabansu shi ne Abdurrahman Zaite. Mutanen nan ba baƙin tsarin masallaci ba ne, domin daga ƙasar da suka fito ne Mansa Musa ya tafi aikin Hajji a 1324, kuma bayan dawowarsa aka gina babban masallacin Tambutu wajen 1327. Suka kira Yaji zuwa ga salla, ya amsa.

To, a nan nake so mai karatu ya lura da wani abu. Kafin kundin ya ambaci ginin masallaci, sai da ya fara lissafa mutanen da aka ɗora wa aiki. An naɗa Gurdumus limamin Sarki, Lawal ya zama ladan, Auta aka ba shi yankan duk naman da za a ci, Mandawari ya zama limamin Wangarawa da manyan gari, shi kuwa Zaite ya zama alƙali. Bayan wannan ne Sarki ya ba da umarni a tsai da salla a garuruwan ƙasar Kano, sannan aka gina masallaci a ƙarƙashin itaciyar nan da mutanen gari suke girmamawa tun zamanin tsafi. Wato mutane aka fara samu, kowa da nauyin da ke wuyansa, sannan gini ya biyo baya. Har ma mai gadi sai da aka naɗa, domin Sarkin Garazawa da jama'arsa ba su yarda da sabon al'amarin ba, idan masallata sun watse sai su zo da dare su ɓata masallacin da ƙazanta. Sai aka ɗora wa wani mai suna Ɗan Buji kewaya wurin da mutane masu makamai daga magariba har wayewar gari.

Kada kuma a ɗauka daga ranar shi ke nan komai ya zauna daram. Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, da yaƙin Zazzau ya gagare shi sai ya koma wa tsafin kakanni. Ashe ke nan ba fada kaɗai ce ta riƙe salla a Kano ba, domin fada takan juya idan sarki ya juya. Waɗanda suka riƙe ta su ne malaman nan da suka zauna cikin gari, kowa ya kafa gidansa da zaurensa da ɗan masallacinsa, dangi da almajirai da baƙin fatake suka kewaye shi, a hankali wurin ya zama unguwa. Shaida tana nan har gobe, domin duk wanda ya san cikin birnin Kano ya san Mandawari da Sheshe da Zaitawa, kuma sunayen nan suna komawa ne ga waɗancan Wangarawa. Madabo ita ce ta fi shahara a cikin mazaunansu, inda masallaci da makaranta suka haɗu wuri ɗaya, ta yi suna wajen karantar da fiƙihu musamman littafin Mukhtasar, kuma har yau akwai sarautar Babban Malami na Madabo. A zamanin Sarki Yakubu, daga 1452 zuwa 1463, wasu malamai Fulani suka ƙaraso daga Mali da littattafan tauhidi da lugga, zaurukan karatu suka ƙaru.

Akwai wani littafin daban mai suna Asalul Wangariyyin, wanda aka rubuta wajen 1650, shi kuma ya kawo zuwan Shehu Abdurrahman a zamanin Muhammadu Rumfa ne ba na Yaji ba. Masana suna tattauna wannan saɓani, amma duk littattafan biyu sun haɗu a kan cewa Wangarawa ne suka dasa wannan tsari a Kano tsakanin ƙarni na 14 da na 15.

Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya ɗora rufi a kan ginin. Shi ya gina gidan sarautar da ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano, kuma shi ya fara fita sallar Idi a Shadakoko. A zamaninsa ne, wajen 1492, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili mutumin Tilimsan ya zo Kano, ya rubuta wa Sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Kundin Tarihin Kano ya nuna cewa a lokacin zuwan Sharifai ne aka umarci Rumfa ya gina masallacin Juma'a, aka sare waccan itaciya, aka gina hasumiya a gurbinta. Da babban baƙon zai tafi ya bar Sidi Fari a madadinsa, kuma zuriyarsu ce ta ba unguwar Sharifai sunanta.

Daga nan sai birni ya samu masallatai iri biyu, kowanne da hurumin aikinsa. Masallacin Juma'a ɗaya ne tak, yana kusa da fada, Sarki ke naɗa limaminsa. Wannan ba son ran Sarki ba ne kawai, hukuncin mazhabar Malikiyya ne, wadda ba ta yarda da yawaita masallatan Juma'a a gari ɗaya ba sai da lalura kamar ƙuncin wuri, kuma ta fifita tsohon masallaci a kan sabo. Ta kuma sharɗanta a samu mazauna gari maza 12 ban da liman, sannan duk wanda ke cikin tazarar kimanin mil 3 ya wajaba ya halarta. Saboda haka Kano ta yi shekaru aru-aru da masallacin Juma'a ɗaya. Ginin da ake gani yanzu a ƙofar fada a zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka yi shi, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, sai a zamanin ɗansa Ado Bayero aka gina babban masallacin Juma'a na Fagge domin mutanen Waje. Masallatan unguwa kuwa, waɗanda muke kira na hamsussalawati, ba su da adadi, kuma ba Sarki ke gina su ba. Ka ga ke nan mutum yana haɗuwa da maƙwabtansa sau biyar a yini, da mutanen garinsu sau ɗaya a mako, da mutanen ƙasarsu duka sau biyu a shekara a filin Idi.

Yaya ake tafiyar da masallacin unguwa? Wannan ba sai an buɗe littafi ba, domin da yawa daga cikinmu mun riski ƙarshensa. Akwai liman, akwai na'ibinsa, akwai ladan, sannan ga mai unguwa wanda shi ne idon hakimi. Sau da yawa limanci gadon gida ɗaya ne, daga uba zuwa ɗa ko ƙane, matuƙar akwai mai karatu a gidan. Aikin liman bai tsaya a jan salla ba. Shi ke raɗa wa jariri suna, shi ke ɗaura aure, shi ke sallatar gawa, shi ke zama a rabon ɗan abin da mamaci ya bari, kuma idan miji da mata ko maƙwabta suka saɓa, zaurensa ake fara zuwa kafin a kai ga alƙali. Da safe da dare yara suna karatun allo a ƙofar gidansa, manya kuma suna ɗaukar littafi bayan La'asar. Ba shi da albashi, amma ba a barinsa da yunwa. Idan an yi girbi ana kai masa dami daga cikin zakka, da ƙaramar salla ga zakkar kono, ranar suna yana da rabonsa a jikin rago, ga goron ɗaurin aure, kuma da damina samari sukan yi masa gayya a gonarsa. Shi kansa ginin da gayya ake yinsa, wani ya kawo azara, wani ya buga tubali, mata su ɗebo ruwa, kuma kowace shekara kafin saukar ruwan sama a fito a yi yaɓe a gyara indararo. Baƙon da dare ya yi wa a masallaci yake sauka, kuma ladan ne zai shiga gidaje ya karɓo masa tuwo.

Abin mamaki, a daidai wannan zamani biranen Turai ma irin wannan tsari suke kai da majami'unsu. Suna da babban coci guda na bishof a tsakiyar birni, sannan ga ƙananan coci-coci na unguwanni. Birnin Landan, wanda a lokacin faɗinsa bai wuce kimanin murabba'in mil ɗaya ba, yana da cocin unguwa sama da 100, kuma gobarar da aka yi a 1666 kaɗai ta cinye 87 daga cikinsu. Da yawansu attajirai da masu filaye ne suka gina a kan ƙasarsu, suka riƙe ikon zaɓen limamin cocin, kamar dai yadda mai hali a wajenmu kan gina masallaci a ƙofar gidansa ya nemo malami. A 1215 wani babban taron malaman Kirista da aka yi a birnin Rum ya wajabta wa kowane baligi ya je gaban limamin cocin unguwarsu aƙalla sau ɗaya a shekara ya yi iƙirarin zunubansa. Jama'ar unguwa suna biyan ɗaya bisa goma na abin da suka samu, suna kuma zaɓen wasu daga cikinsu su riƙe kuɗin coci su kula da gyaran ɓangaren da jama'a ke zama. A wasu biranen Italiya kamar Fulorans da Pisa, wankan baftisma ba a yinsa a cocin unguwa sai a gini guda da ke jikin babban coci, domin kowane ɗan birni ya san uwa ɗaya ta haɗa su, kamar yadda Juma'a ta haɗa Kanawa.

Amma akwai bambanci guda da ya kamata mu riƙe. Su cocin unguwarsu yana da iyaka sananniya, an san gidan da ke ciki da wanda ke waje, kuma biyan ɗaya bisa goman doka ce da ake kai mutum ƙara a kanta. Mu kuwa iyakar masallacin unguwa ita ce inda muryar ladan ta tsaya, kuma abin da ke riƙe da shi kunya ce da zumunci da neman lada. Wannan ya sa namu ya fi sauƙi da 'yanci, domin ba wanda zai hana ka salla a inda ka so. To amma shi ne kuma ya sa yake da saurin warwarewa ba tare da kowa ya ankara ba.

Bari mu dawo gida. Masarautar Kazaure ta samo asali ne daga Ɗantunku, Bafulatani daga zuriyar Yarimawa, wanda ya taimaka wa jama'ar Shehu Usmanu a jihadin da ya fara a 1804. Da Ibrahim Dabo ya hau sarautar Kano a 1819 sai Ɗantunku ya ƙi yi masa mubaya'a, aka yi kimanin shekara biyar ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Ɗansa Dambo ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, kuma shi ya ƙarfafa garin. Sabuwar masarauta ba ta ƙirƙiro sabon tsari ba, wancan na Yaji da Rumfa ta ɗauka: ga fada, ga masallacin Juma'a kusa da ita, ga liman da alƙali da Sarki ya naɗa, ga kasuwa, sannan ga unguwanni kowace da masallacinta. Roni da Gwiwa da 'Yankwashi suna ƙarƙashin Kazaure, ita kuwa Babura ta zauna a ƙarƙashin Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro jihar Jigawa, ta koma masarautar Ringim. A can da nan duk al'adar ɗaya ce, gari ba ya tsai da Juma'a sai da izinin Sarki, kuma ranar da aka ba gari wannan izini ranar ce ya tashi daga ƙauye.

Kakana ya sha ba mu labarin yadda suke fitowa daga ƙauyensu da ke yammacin Kazaure ranar Juma'a tun da hantsi, wasu a ƙafa wasu a kan jakai, a yi salla, a gaida hakimi, a ji labarin duniya, a nemi aure, a biya bashi, sannan a kamo hanya da yamma. A cikin ƙauyen kuwa masallacinsu ya fara ne da duwatsu da aka jera a gindin tsamiya ana fuskantar gabas, daga baya aka kewaye da zana, sai bayan shekaru aka yi ginin ƙasa. Amma tun yana jerin duwatsu yana da liman da ladan, kuma an san wanda ke sharewa. Masu ba da tarihin baka suna cewa sunan Kazaure ya fito ne daga maganar wani maharbi da ya ga wurin a tsakanin duwatsu ya ce kamar zaure. Ni dai wannan suna yana yi mini daɗi, domin a zaure aka fara komai, karatu da salla da shari'a da saukar baƙo.

Yau al'amura sun sauya, kuma ba duka ne laifin wani ba. Jama'a ta yi yawa, garuruwa sun faɗaɗa, ita kanta mazhabar ta ba da dama a ƙara masallacin Juma'a idan wuri ya yi kaɗan. Masu hali sun ƙaru, kowa yana son ya gina ɗakin Allah ya samu lada, kuma wannan abin yabo ne. Tun daga kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da muhawarar da ta biyo baya tsakaninta da 'yan ɗariƙu, kowane ɓangare ya shiga gina nasa, ga kuma wasu ƙungiyoyin da suka zo daga baya. Ita kuma lasifika ta share waccan iyaka ta muryar ladan, domin yanzu daga kan gadonka kana jin kiran salla goma. Ni ba malami ba ne, ba ni da bakin shiga maganar wane ne ke kan daidai. Abin da na gani da idona kawai shi ne, mun ninka gine-gine amma ba mu ninka masu ɗaukar nauyi ba. Za ka ga masallaci da tayil da fanka da injin bayar da wuta, amma limaminsa yana fama da abin da zai kai gida, ladan kuwa duk wanda ya riga zuwa shi ne, kuma babu wanda zai iya lissafa maka gidajen da ke salla a cikinsa.

Shawarata ƙarama ce. Duk wanda Allah ya hore wa zai gina masallaci, ya yi irin ta mutanen Yaji, ya fara tambayar wa zai yi limanci, wa zai yi ladanci, wa zai yi shara, kuma me za su ci. Inda kuma an riga an gina huɗu a layi ɗaya kamar namu, babu mai cewa a rushe, amma me zai hana limaman nan huɗu su zauna da mai unguwa ko da sau ɗaya a wata, su lissafa tsofaffi da marasa lafiya da zawarawa da marayun layin, su raba su a tsakaninsu, kowa ya san gidan da zai leƙa? Ciwo da yunwa ba sa tambayar mutum bayan wa yake salla.

Kafin na baro gida na shiga gaida dattijon nan. Na same shi ya koma gindin dalbejiyarsa da ramarsa a hannu, jiki ya zube amma bakin nan da dariya. Na ce, Baba, ashe haka aka yi, Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce, ɗana, ni ban riƙe kowa ba, amma da limaminmu na da yana raye, da ko wuni ban yi ni kaɗai ba. Ya ambaci sunansa ya yi masa addu'a, muka shafa tare.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa mana waɗannan wurare, ya ba mu ikon riƙe haƙƙin maƙwabtaka, amin.